Sifina kaɗai daga Afrilu zuwa Nuwamba: kamun kifin bas a rafukan Ohio

Asabar, 13 ga Afrilu 2024

To jama'a barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Abin da na ce zan fara bayan azumi yau na fara shi. Niyyata ita ce daga yanzu har sanyi ya kore mu daga bakin ruwa ba zan ɗaura wa zaren fatsata komai ba sai sifina, ba tana, ba kifin roba, ba tsutsar roba, kuma kifin da nake nema shi ne wanda Amurkawa ke ce wa bas. Dalili kuwa, a nan Kolumbus duk wanda ka gani da jirgin ruwa na dubban daloli da akwatuna cike da kayan koto, in ka nuna masa sifina sai ya yi murmushi ya ce ai wannan na yara ne, ko na masu kamun ƙananan kifayen ruwan sanyi. Ni dai ban yarda ba, kuma ba jirgi gare ni ba balle in yi gardama da su a tsakiyar tafki, ƙafa nake da ita da takalmin shiga ruwa.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: waya ce miƙaƙƙiya wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, a sama akwai ido inda ake ɗaura zare, ƙasa da shi an rataya wani ɗan ganyen ƙarfe mai ƙyalli, sai duwatsun ado da ɗan curin tagulla mai ba ta nauyi, can ƙarshe ƙugiya mai baki uku. In kana jawo ta cikin ruwa ganyen nan sai ya dinga kewaya wayar yana walƙiya yana kaɗa ruwa. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa daga kai har wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, shi ya sa ko bai hango ta ba yana jin ta.

Bas ɗin iri biyu ne suka dame ni. Akwai mai babban baki, shi tafki yake so da ciyawa da kututture da ruwa mai kwanciya. Akwai mai ƙaramin baki, launin tagulla, shi kuma dutse da tsakuwa da ruwa mai gudu, abincinsa ƙananan kifaye da kirafish ɗin nan mai ƙahonni da ke ɓuya ƙarƙashin duwatsu.

Na sabunta lasin ɗin kamun kifi ta intanet, dole ne a jihar nan ga duk wanda ya kai shekara 16. Doka ta gaba ɗaya bas 5 a rana, kada ya gaza inci 12, amma wasu ruwayen suna da tasu daban sai mutum ya duba. Kayan aikina kuwa: sanda mai tsawon ƙafa 6 da rabi mai ɗan laushi, injin naɗe zare lamba 2500, zaren roba mai ɗaukar fam 8. Ruwa kam yau ba ya shiguwa, kogin Scioto da ya ratsa garin ya cika ya yi ja saboda saman da aka yi ta yi, tsayawa kawai na yi a kan gada na kalle shi na koma gida.

Asabar, 20 ga Afrilu

Tunda rafi bai sauka ba sai na tafi wani ɗan kududdufi na unguwa mai ruwa garau, ba don kifi ba, don in ga yadda kowace ke rawa. Na tsaya a kan katakon da suka shimfiɗa na dinga jefawa kusa ina jawowa ina kallo da idona. Wallahi wannan yinin ya fi min karatun wata guda amfani.

Abin da na gani shi ne sirrin duk yana wajen ganye. Mai faɗi kusan zagayayye, wanda suke kira Colorado, yana buɗewa nesa da waya, yana fara juyawa ko da a hankali kake ja, kana jin bugunsa har a hannunka, amma fa ɗaga sifinar sama yake yi, ba ya yarda ta nutse. Siriri dogo mai tsini, Willow, shi manne wa waya yake yi, walƙiya da yawa bugu kaɗan, yana son a ja da sauri kuma yana tafiya ƙasa ƙasa. In ka ja shi a hankali sai ya kwanta ya ƙi juyawa, sai ka ɗan fizgi bakin sanda kafin ya tashi. Indiana tsaka tsaki ne. Sai ganyen Faransa wanda ke jikin Aglia, sifinar kamfanin Mepps, kamfanin da kansa ya ce yana juyawa ne a kusurwar digiri 60 daga waya, Aglia Long kuma digiri 30, to ka ga bambancin a lissafe ke nan: na farko na ruwa mara zurfi, na biyu na rami da ruwa mai ƙarfi.

Panther Martin, asalinta 'yar Italiya, dabararta daban ce, wayar ta ratsa ta cikin ganyen ne kai tsaye ba wani ɗan maratayi, jikinta kuma gajere mai nauyi, tana taɓa ruwa take nutsewa. Blue Fox Vibrax tana da wani ƙoƙon ƙarfe a jiki da ke ƙara rawar. Rooster Tail ta Worden's daga jihar Washington ganyenta siriri ne ga gashi a ƙugiya.

Wani dattijo Bature da ke zaune kan bokiti yana kallona ya kasa haƙuri ya ce wai me nake yi tun ɗazu ba na jifa nesa. Da na yi masa bayani sai hira ta ɓarke, shi ya tuna min tarihin Mepps wanda da ma na taɓa karantawa: wani injiniya Bafaranshe André Meulnart ne ya ƙirƙiro ta a 1938, ba ta yi suna a Amurka ba sai 1951 da wani mai shagon kayan kamun kifi a garin Antigo na jihar Wisconsin, Todd Sheldon, ya gwada wadda wani soja ya kawo masa daga Turai. A 1972 kamfanin Sheldon ya saye Mepps ɗin gaba ɗaya. Dattijon ya ce shi tun yana yaro da ita yake kamu, ya daina ne kawai don 'ya'yansa na yi masa dariya.

Asabar, 4 ga Mayu

Big Darby. Rafin nan yamma da gari yake, ta cikin gandun Battelle Darby Creek inda suke kiwon ɓaunan Amurka, kuma yana cikin rafukan da gwamnati ta ba kariya ta musamman saboda yawan irin kifaye da ƙwanson ruwa da ke cikinsa. Kafin in fito sai da na duba ma'aunin ruwa na USGS, wata hukumar gwamnatin Amurka, a waya, suna nuna tsayin ruwa da yawan gudunsa kyauta, wanda duk zai shiga rafi da ƙafa ya riƙa dubawa, ba abin wasa ba ne.

Na fara da Aglia lamba 3 (lambar ita ke nuna girman sifina), nauyinta kwatan oza, wato wajen giram 7, ganyen zinare don ruwan bai gama washewa ba. Kuma alhamdulillahi an buɗe kasuwa, mai ƙaramin baki inci 13, ya yi tsalle sama da ruwa har sau ban san adadi ba kafin ya zo hannu. Wanda bai taɓa kama kifin nan ba ba zai gane ba, ƙarami ne amma faɗansa ya fi girmansa nesa ba kusa ba.

Darasin yau shi ne inda ake jefawa. Kifin rafi kullum kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana laɓe bayan dutse inda gudun ya karye yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. In ka jefa sama sosai, ruwa na turo sifinar zuwa gare ka, dole ka naɗe da sauri fiye da ruwan in ba haka ba ganye ba zai juya ba ta faɗi cikin duwatsu ta maƙale. In ka jefa ƙasa sosai kana jawowa kana gaba da ruwa, ganyen na juyawa fiye da kima sai ta taso saman ruwa tana fantsama, kifi ko kallonta ba ya yi. Inda abin ya yi daɗi shi ne tsallake rafin a ɗan karkace sama, ka bar ta ta nutse kaɗan, ka fara naɗewa a hankali, ruwa ya ɗauko ta ya yi baka da ita ta wuce ta gaban dutsen, to daidai lokacin da zare ya fara miƙewa ta juya kai, nan ne ake kai mata hari, kusan duk na yau a nan suka buga.

Saurin da ya dace kuwa shi ne mafi ƙanƙantan saurin da ganye ke juyawa bai tsaya ba. Ana jin sa a sanda, ɗan dir dir dir. In ya ɓace ko ciyawa ta kama ko ka yi sanyi da yawa.

Wani abu kuma, ka rufe bakin injin da hannu dab da ta faɗa ruwa, sai zaren ya miƙe ta sauka a tsaye, ƙugiya ba za ta harɗe zare ba.

Laraba, 15 ga Mayu

Murɗewar zare. Wannan ita ce halin sifina kowace iri, ganye na juyawa gefe ɗaya, wayar ma na ɗan binsa, kowane jawowa zare na ƙara murɗewa har wata rana ka buɗe injin ya zubo maka a cukurkuɗe kamar gashin da aka kwance wa kitso. Jiya da yamma a rafin Olentangy abin da na sha ke nan.

Maganin gaggawa in kana rafi: yanke sifinar, saki zaren tsirara ruwa ya ja shi ƙasa ya yi nisa, ka bar shi 'yan mintuna, sannan ka naɗe kana matse shi da yatsu biyu. Sai ya dawo garau. Maganin dindindin kuma na sauya tsari, na sa zaren saƙa mai fam 10 a injin, na ɗaura ƙaramin majuyi mai boris a ciki, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe, daga shi zaren fulorokabon, wani zaren roba garau, fam 8 tsawon kamu biyu zuwa uku sannan sifina. Ban yarda da maƙala majuyin kai tsaye a hancin sifina ba, yana ƙara nauyi a gaba kuma ƙugiya na yawan kama shi, musamman a ƙananan lambobi. Wasu na lanƙwasa idon wayar sama kaɗan don ta daina bin ganye, na gwada a kan wata mai arha mara suna, ya rage amma bai kashe ba.

Olentangy ɗin ma ya canza, tun da aka rushe madatsar Fifth Avenue a 2012 wajen jami'a ya koma rafi na gaske mai tsakuwa, da can ruwa ne kwance.

Asabar, 25 ga Mayu

Lokacin ƙwai ne. Idan ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18 namijin ke share tsakuwa da wutsiya ya yi gurbi, mace ta zuba ƙwai ta tafi abinta, shi ya zauna gadi har 'ya'yan su watse. Da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa kana hango su, fili fari zagayayye da kifi tsaye a kai. Duk abin da ya gifta zai kai masa duka, ba don yunwa ba. Doka ba ta hana ba a rafukan nan, amma ni dai na kewaye su, don kana ɗaga shi ƙananan kifaye za su far wa ƙwan kafin ka mayar da shi. Wanda ya ga zai iya, shi da zuciyarsa.

Na zauna da daddare na yi wa rabin akwatin tiyata. Ƙugiya mai baki uku tana kamu ba laifi, amma tana kama komai har dutse da rigata, kuma in ƙaramin kifi ya haɗiye ta cire ta aiki ne, wani lokaci baki ɗaya a leɓe ɗaya a ido. Na sa filaya na yanke su, na sa ƙaramin zobe da ƙugiya mai baki ɗaya. Waɗanda na bari da ukun na matse musu ƙayar baya. Uwargida ta leƙo ta ce Baban yara wai kifin da ba ka kawowa gida ne ake yi wa wannan hidimar? Na ce mata ai hukumar jihar ma shawararta kada a wuce ci ɗaya a mako daga kifin ruwayen nan saboda sinadarin makuri. Ta ce to ko ɗayan ma ba ta gani ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Yau na je neman mai babban baki a tafkin Alum Creek, arewa da gari, kuma gaskiya a nan masu jirgi suna da hujja. Ciyawar ruwa ta taso, kifin na cikinta, sifina kuwa ba ta da abin kare ƙugiya ko kaɗan. Ɗan zaren gansakuka ɗaya ya naɗe maratayin ganye shi ke nan ta mutu, ka jawo ƙarfe kawai. Jifa, tsinke ciyawa, jifa, tsinke ciyawa. Dalilin da ya sa masu tafki suka koma wa ɗaya nau'in ke nan, mai lanƙwasasshiyar waya da ganye a sama ƙugiya ɗaya a ƙasa tana kallon sama, ita tana ratsa ciyawa da rassa ta fito lafiya. Na yi alkawari ba zan taɓa ta ba bana, don haka na haƙura.

Inda na samu sa'ida shi ne jikin duwatsun da aka jera a bakin madatsa da gefen gada, da kuma bakin ciyawa ta waje inda ta yanke ruwa ya yi zurfi. A nan ba tsallakewa ake ba, jifa ake a tsaye tare da gaɓar, sifinar ta bi layin duwatsun tun daga farko har ƙarshe. Lamba 4 na sa, sulusin oza, don lamba 2 ƙananan kifaye masu faɗin jiki ba sa barin ta ta kai ga bas. Kuma na koyi ƙirga: tana faɗawa ka fara ɗaya, biyu, uku, kowane jifa ka ƙara har ka ji ta taɓa ƙasa, sai ka rage ɗaya ka tsaya a nan. Biyu masu kyau suka zo ta haka, ɗaya inci 15, cikinsa ƙato. Amma da za a ce in zaɓi koto ɗaya na tafki mai ciyawa a watan Yuni, ba sifina zan ɗauka ba, wannan kam na rubuta na ajiye.

Wasu mutane biyu a jirgi suna ta jifa da wata ƙatuwar sifina mai ganye biyu da gashi tuli, tsawonta ya kai tafin hannu. Maski suke nema, wani dogon kifi mai haƙora da hukuma ke zubawa a tafkin. Ƙira ɗaya ce da tawa, girma ne kawai. Na tuna tsagen kogin Kwara a Yawuri, da irin haƙoransa da son abu mai ƙyalli, in Allah ya kai ni gida da waɗannan kayan sai na gwada shi, amma da waya a gaba ba zare ba.

Asabar, 22 ga Yuni

Barkanmu da babbar Sallah. Satin nan zafi aka yi na gaske, har 'yan gida da ke cika bakin sun saba da Sakkwato sun yi laushi, don nan da gumi yake zuwa. Ana idar da asuba na fita, ƙarfe tara na dawo. Ruwa mai ɗumi iskarsa kaɗan ce, kifi na komawa ƙasan inda ruwa ke tafasa a kan duwatsu, kuma wanda ka kama kada ka wahalar da shi, jawo shi da wuri, jiƙa hannu, cire ƙugiya yana cikin ruwa.

Maganar launi, tunda ita aka fi tambayata. Ƙa'idar da kowa ke faɗa: azurfa ga rana da ruwa garau, zinare ko jan ƙarfe ga hadari da ruwa mai ɗan duhu, baƙin ganye mai ɗigo irin na Black Fury in rana ta yi tsananin haske ko kifi ya tsorata, kore mai ɗaukar ido in ruwa ya yi laka. Ba ƙarya ba ce. Amma abin da na lura, duk ranar da na tsaya wuri ɗaya ba a bugawa na yi ta sauya launi, ba abin da ke canzawa. Ranar da na bar launin na sauya nauyi ko siffar ganye, sifinar ta sauka ƙafa ɗaya ƙasa, sai a fara bugawa. Mutum zai shiga shago ya tsaya gaban bango cike da launuka ya ɓata rabin awa, bai ko juya kwalin ya ga nauyin ba. In ni ne, zurfin ruwa da ƙarfin gudunsa zan fara tambaya, su za su faɗa min nauyi da ganye, girman ƙananan kifayen wurin ya faɗa min lamba, launi ya zo ƙarshe.

Alhamis, 4 ga Yuli

Hutu, kowane bakin ruwa cike da masu gashin nama da kwalekwalen roba. Ban yi wani kamu ba, na ɗauki babban yarona muka je ƙasan madatsar Griggs. Na ba shi lamba 2 mai ƙugiya ɗaya. Ya ce Baba ya zan yi, na ce jefa ka naɗe. Iyakar karatun ke nan kuma ya kama kifin dutse mai jan ido. Ba wani koton ƙarfe da za ka miƙa wa yaro da wannan gajeren bayanin.

Asabar, 20 ga Yuli

Mai gashi ko mara gashi? Na ware 'yan makonnin nan ina gwada su bi da bi a rami ɗaya. Gashin nan na wutsiyar kurege ne a yawancin na Mepps, har yau kamfanin na sayen wutsiyoyi daga maharban da suka harbi kuregen don nama, ko su musanya musu da sifina, wai sun gwada gashin dabbobi iri iri ba wanda ke numfashi a ruwa irin nasa. Manyan lambobi kuma gashin wutsiyar barewa ake sa musu.

Abin da na gani, gashi na ƙara mata jiki, tana kama da abinci babba, tana nutsewa a hankali kuma ba ta zuwa nesa a jifa in akwai iska. Mara gashi ta fi nisa, ta fi saurin sauka. Bas masu ɗan girma sun fi zuwa wa mai gashi, kuma sun fi kama ta daidai a ƙugiya maimakon su doki ganye su kuskure, ina jin gashin ne ke ba su wurin auna. Mara gashi ta fi tara ƙanana. Bayan an dawo a bar akwatin a buɗe ya bushe, in ba haka ba gashin ya yi wari ƙugiya ta yi tsatsa a ƙarƙashinsa ba ka sani ba.

Litinin, 2 ga Satumba

Fari ake yi. Kudu maso gabashin jihar abin ya yi muni sosai, manoma na sayar da shanu, mu ma nan ciyawar gidaje duk ta ƙone. Darby ya koma wasu 'yan tafkuna da siririn ruwa ke haɗa su, garau har kana ƙirga tsakuwa. Kifi na ganinka tun kafin ka gan shi. Lamba 3 tana faɗawa ruwa sai ka ga inuwoyi sun watse.

Na sauka lamba 1 da lamba 2, baƙin ganye ko jan ƙarfen da ya dushe, zaren gaba fam 6 na ƙara masa tsawo. Tafiya daga ƙasa zuwa sama don in zo musu ta baya, a sunkuye, jifa daga nesa ya wuce ramin sannan a jawo ta ciki. A irin wannan ruwan ganye mai faɗi ne sarki, don yana juyawa a ruwan da bai kai gwiwa ba bai taɓa ƙasa ba. An kama, amma ƙanana, kuma raina bai so yadda suke a takure ba, zan bar rafin ya huta sai an yi sama.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ragowar guguwar Helene ta kawo mana iska da ruwa ƙarshen watan jiya, mu da sauƙi, mutanen Karolina ta Arewa ne suka ga tashin hankali, Allah ya kyauta. Rafuka sun ɗan motsa, dare ya fara sanyi, kifi ya buɗe baki yana tara kitsen hunturu.

Scioto na je, ƙasan madatsar O'Shaughnessy. Ƙananan kifayen shad farare sun taru garke garke, kana ganin ruwa na fashewa inda bas ke kora su. Nan siririn ganyen azurfa ya samu ranarsa, Rooster Tail fara mai kwatan oza, jifa ya wuce inda ake fashewar, a jawo da sauri dab da saman ruwa, a ɗan tsaya rabin daƙiƙa ta yi kamar za ta faɗi. Yawancin duka a wannan tsayawar yake zuwa. A nan na kama mafi girma na bana, mai ƙaramin baki inci 17 da ɗan ɗori. Hukumar namun daji ta jihar na ba da ɗan bajo na Fish Ohio ga wanda ya kama mai inci 18 a rafi ko tafkin cikin jiha, to saura ƙiris, na auna shi ta kowane gefe bai ƙaru ba. Don a san inda muke, na tarihin jihar fam 9 da rabi ne, Randy VanDam ya kama shi a tafkin Erie a 1993. Wani kifi daban da bas, wanda suke ce wa sogai, shi ma ya shigo layi da magariba, shi kam ya bi ni gida, uwargida ta samu na yaji.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Gobe za a mayar da agogo baya, duhu zai riƙa yi da wuri, fita bayan aiki ta ƙare ke nan. Ruwa ya yi sanyi, kifi ya koma ramuka masu zurfi ya kwanta ƙasa, kuma a nan matsalar da na yi ta karo da ita tun Mayu ta fito fili: ina son sifina mai nauyin da zai kai ta ƙasan rami mai ƙafa 6 zuwa 8, amma da ganyen da zai juya a hankali sosai. Na shago in nauyi ya ƙaru ganye ma ya ƙaru, ganye ya ƙaru ya ɗaga ta sama. Panther Martin ce ta fi kusa, da ita na samu na yau, ja kaɗan kaɗan tana gogar duwatsu.

Don haka aikin hunturu ƙira ce. Kayan sun iso jiya: waya mara tsatsa mai kaurin inci 0.031 da ido a gefe ɗaya, maratayai, duwatsun tagulla, jikin tagulla masu nauyi daban daban, ganyen Faransa lamba 2 da 3, Indiana lamba 3, da filaya mai zagayayyen baki ta naɗe ido. Jerin daga sama: maratayi da ganye, cikin ganyen na kallon waya, ƙaramin dutse ɗaya ko biyu da maratayin zai zauna a kai ya juya, jiki, sannan a naɗe idon ƙasa da zobe. Abin lura ɗaya, ƙarshen ganye kada ya sauko ya rufe ƙugiya, in ya kai nan a ƙara dutse.

Ta farko da na haɗa ganye lamba 2 ne a kan jikin kwatan oza. Na cika bahon wanka na ja ta, tana juyawa amma bahon ya yi gajere a gane ko tana tashi da wuri. Kududdufin unguwa bai daskare ba tukuna, ranar Asabar mai zuwa zan kai guda uku can, jiki ɗaya ganye daban daban, in ga wacce ke fara juyawa tun a naɗin farko.